Darasin Yanayi a Wayar Malami

Yaron Kano ya san hunturu da bazara da damina da kaka tun kafin ya shiga aji. Abin da bai sani ba shi ne dalilinsu. A nan intanet ke da rana. Da wayar malami guda, ɗalibai za su ga hoton tauraron ɗan'adam: ga ƙura tana tasowa daga Sahara, ga hadari yana haɗuwa. Hukumar NiMet tana wallafa hasashen yanayi a shafinta. Malam, karanta musu da safe, kashegari ku fita tsakar makaranta ku duba ko ya yi daidai. A ajiye kwalba a auna ruwan sama. Gani ya kori ji, kuma waɗannan yaran su ne manoman gobe.