Injin Faskare Mai Baki Huɗu: A Duba Kafin A Zuba Kuɗi

Jawabin wakilin 'yan itace na Sahon Rami a taron ƙungiya

 

An nemi mu 'yan itace mu faɗi ra'ayinmu game da shawarar da matasa suka kawo, wato a ɗebi kuɗin asusu a sayo injin faskare mai baki huɗu. Kuɗin nan gumin jama'a ne, har da na mata masu adashi, saboda haka ya kamata kowa ya san abin da za a saya.

Aikin injin irin na tifa ne. Yadda mai yake tura ƙarfe ya ɗaga bodin tifa, haka yake tura gungume a hankali ya danna shi a jikin wani baki mai kaifi har ya tsage. Matsakaitansu suna danna nauyin tan 20 zuwa 30. Shi baki huɗun ƙari ne da ake ɗorawa, ƙarfe biyu a gicciye, kamar alamar tarawa a lissafi. Da baki ɗaya, sai an tura sau uku kafin gungume ya zama huɗu. Da wannan kuwa turi ɗaya ya wadatar. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023, ba mai raina abin da zai rage shan fetur.

To amma fa akwai sharaɗi. A Turai da Amurka, inda aka fi aiki da shi, akasarin itacensu miƙaƙƙe ne. Mu kuwa me ke zuwa mana? Ƙirya da marke da baushe. Duk wanda ya taɓa ɗaga gatari a kan ƙirya ya san halinta: ga tauri, ga murɗiya, ga gaɓoɓi. In aka tura irin wannan a baki huɗu, ko dai injin ya tsaya yana gurnani, ko gungumen ya maƙale a yini ana fama, ko fiffiken ƙarfen ya lanƙwashe. Haka kuma in tsakiyar gungume ba ta yi daidai da mahaɗar bakin ba, biyu za su fito manya, biyu 'yan siraran da mai gidan burodi ba zai karɓa ba.

Don haka in za a saya, a sayi wanda ake iya cire baki huɗun a mayar. A riƙa ware itace: miƙaƙƙe mai matsakaicin kauri a ba baki huɗu, mai gaɓa a ba baki ɗaya ko gatari. A yanke kan gungume daidai da zarto, kada ya karkace. Mutum ɗaya ne zai ɗora itace ya kuma ja hannun injin, domin a aikin mutum biyu ne ake rasa yatsu. A kama gungume ta gefe, ban da ta kai. Sannan tun kafin a biya a tabbatar akwai makaniki a Kwantagora da ya san gyaran famfonsa.

Sai maganar masu faskare. Yaran nan 'yan cirani da ke zuwa mana daga Sakkwato da Zamfara da gatari a kafaɗa, 'ya'yanmu ne, mu ma haka da yawanmu muka zo. A Islamiyya an karantar da mu cewa mutum ya yi itace ya sayar ya fi masa roƙo. Kada mu sayo abin da zai mayar da su roƙon. Su za a koya wa injin, su ne masu warewa da ɗauri da lodi.

Babbar maganar ita ce wannan. Jama'a, faskare bai taɓa gagarar mu ba, itacen ne yake nisa. Farin 1973 da na 1984 ne suka koro iyayen wasunmu zuwa nan, suka tarar da daji a bakin gari, masu ƙasa suka karɓe su hannu biyu. Yau sai mota ta yi tafiya mai nisa kafin ta cika. Inji mai sauri cikinsa babba ne, in bai ƙoshi ba za a fara hangen kaɗanya da ɗorawa, waɗanda matanmu da na masu masaukinmu suke ci daga gare su, ko a leƙa gandun Zugurma da hukuma ta hana. Ranar da aka yi haka, sunan Hausawa baƙi ne zai ɓaci, ba na injin ba. Mun ga yadda arewa ta koma, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Shawararmu ke nan: a raba kuɗin biyu. Kashi ɗaya na inji, kashi ɗaya a nemi fili ta hannun mai gari da malaman daji, a dasa malaina da turare da dalbejiya. Suna saurin girma, in an sare su suna tohowa, kuma malaina da turare miƙaƙƙu ne, irin waɗanda baki huɗu yake so. In ba za a yi dashen ba, to mu 'yan itace ba mu goyi bayan sayen ba.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya sa albarka a nemanmu.