Idan Dajin Kogo Ya Kama da Wuta, Wa Zai Kashe?

Daga Ƙofar Sauri nake magana, hazo ya rufe gari, leɓe duk ya tsage. To lokacin wutar daji ke nan, kuma a kanta za mu tattauna yau.

A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da sababbin gandun daji na ƙasa guda 10. Falgore na Kano na ciki, haka ma Kogo, nan jiharmu, ta wajen Faskari. Sai dai tambayata ita ce, ran da ya kama da wuta, wa zai kashe?

Ku tuna gobarar babbar kasuwar Katsina a watan Maris na 2021. Cikin gari ce fa, ga kwalta ga jama'a, amma sai da ta ci shaguna masu yawa. To ina ga daji, inda ba hanyar mota, ba famfo, ga matsalar tsaro da ta sa shiga ma sai an yi shahada?

Galibi mu ne ke kunna wutar nan. Mafarauci ya cinna wa ciyawa don gafiya ta fito. Mai ɗibar zuma ya yar da bakin wuta. Manomi ya ƙona sharar gona ya tafi gida, iskar hunturu ta ƙarasa aikin.

Wani zai ce, "Ni ɗan birni ne, ina ruwana?" Wallahi da ruwanka. Ciyawar da ta ƙone abincin dabbobi ce na rani gaba ɗaya. In makiyayi ya rasa ta, gonar wani zai nufa, kun kuwa san inda rigimar nan ta kai mu. Nama da nono su yi tsada, ƙasa ta tsiraice, ruwan farko ya wanke ta.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun daɗe da dabara. A yankunan Dakoro da Bermo, da damina ta ɗauke, akan ɗauki mutanen ƙauye aiki su share dogon layi mai faɗi a cikin makiyaya. Wuta in ta iso wurin ba abin ci, sai ta mutu. Fartanya da manjagara ne kayan aikin, ga kuma ɗan abin sawa a aljihu.

Abin da nake roƙo ke nan a yi mana a Kogo da Rugu, a ƙauyukan da tsaro ya samu. Mu matasa mu tambayi 'yan majalisarmu nawa aka ware wa aikin. In ka je ƙauye, ka zauna da mafarauta da mai unguwa ku yi maganar.

Ku rubuto mani, a garinku wa ke fita in daji ya kama? Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.