Musun Namiji da Musun Mace a Ƙasar Birnin Gwari

Duk wanda ya zauna a majalisar dattawa a Tsohon Birnin Gwari bayan La'asar ya san yadda namiji ke musu da tsaransa. Zai ɗaga murya ya ce, "Haba, ba haka ba ne!" a yi ta ja har a kira Magariba, kuma ba a ɓata ba. Amma a kai wannan mutumin gaban hakimi. Nan zai cire takalmi, ya durƙusa, ya fara da "Ranka ya daɗe, gaskiya ne," ya yi dogon kewaye kafin ya iso ga "sai dai".

Wannan kewayen shi ne hanyar matar aure kusan kullum. Maigida ya yanke shawarar sayar da akuyarta ko aurar da 'yarsu, ta ce, "To, Malam, yadda ka gani." Daga nan tuwo ya makara, fara'a ta ɗauke, ta tsaya tsakar gida tana yi wa kaza faɗan da kowa ya san ba na kaza ba ne. Idan habaici bai yi aiki ba, ta aika wa gwaggonsa ko amininsa. Idan abin ya ƙi, ta yi yaji, dole a tura manya biko, a can ne za a ji ƙorafinta dalla-dalla. Matar nan kuwa ba ta rasa baki ba. A saurare ta a gidan suna ko wajen rabon kuɗin adashi.

Abin ba sabo ba ne. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihinta a Giwa, maƙwabciyar Birnin Gwari, a 1949 da 1950, ta karɓi auren zumuncin da ba ta so saboda kunyar iyaye, daga baya ta fita daga cikinsa. Barmani Choge ta Funtuwa ta zuba wa mata irin wannan magana a kiɗan amada, Balaraba Ramat Yakubu kuma ta sa ta a littafi.

Masana harshe sun daɗe suna muhawara kan bambancin maganar maza da mata, tun littafin Robin Lakoff na 1975 a Amurka, har zuwa nazarin yadda Sinawa ke kare mutuncin abokin magana yayin musu. Abin da ake gani a ƙasar Birnin Gwari shi ne, matsayi ya fi jinsi tasiri: wanda ke ƙasa shi ke kewaye.

Illar wannan kewayen tana da girma. A watan Nuwamban 2024 aka ƙulla sulhu da 'yan bindigar dajin Birnin Gwari, kasuwanni suka buɗe. Zaman sulhu a al'adance na maza ne, alhali matan da aka kashe wa mazaje su ke riƙe da marayu. Mai son sanin ra'ayinsu kada ya tambaye su a gaban surukai. Ya aika mace ta shiga cikin gida ta zauna da su.