Jawabin Kwamitin Ofis Kan Kwamfutar Ƙungiya

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, iyayenmu, da 'yan'uwa maza da mata mazauna Abuja.

An ce mu tashi mu yi bayanin abin da ya sami kwamfutar ƙungiya a watan jiya, ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, rajistar membobi ta ƙi buɗuwa. Har mun ji ana raɗe-raɗin wai kuɗin gudummawa aka ci aka goge shaida. To, a kwantar da hankali, ko kwabo bai yi ciwon kai ba.

Na'urarmu da Linux take aiki, wanda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finland a 1991, shekarar da gwamnati ta taso daga Ikko ta tare a nan. Duk sa'ad da aka kunna ta, akwai jerin umarni da take bi kafin ta kama aiki, kamar mai shago ya share ƙofa ya jera kaya. A cikinta kuma akwai wuri mai suna /run, wanda da wuta ta ɗauke sai ya koma wayam. Manhajar rajista tana bukatar wata 'yar folda a can. Mu kuwa da hannu muka yi ta, muka manta ba mu sa ta cikin jerin umarnin ba. Laifinmu ne, a gafarce mu.

Mai gyaran da muka kira ya ce a sa wa kome lamba 777, har inda rajistar take, a huta. Nan muka ja da shi. Lambobin uku ne: na mai gida, na 'yan gida, na baƙo. Karantawa 4, rubutawa 2, shiga 1. In an haɗa, 7 ke nan. Ashe 777 na nufin an kankare “ba shiga” daga bakin zaure, an bar turaka a buɗe. Duk yaron da ya zo cike fom zai iya ganin sunayen zawarawa da marayun da ake taimakawa a ɓoye, da lambobin wayarsu, har ya goge in ya ga dama. Rufin asirin mutane ne, jama'a. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023.

Abin da muka yi layi uku ne kacal a jerin umarnin: mkdir ya gina foldar, chown ya danƙa ta ga mai ita, chmod ya sa mata 750. Ma'ajiyar rajista ma 750 muka bar ta. Watau magatakarda ya rubuta, 'yan kwamiti su karanta, baƙo ya tsaya a waje. Mun kashe mun kunna sau biyar, ta tashi lafiya lau.

Saura roƙo ɗaya. Kowane ɗan kwamiti ya zo ofis bayan Juma'a ya karɓi kalmar sirrinsa, kuma don Allah a cire takardar nan da aka liƙa a jikin allo. Wassalam.