Zanen Duwatsu da Hanyar Gane Shekarunsa



Yawancin tarihin da muka tashi da shi daga bakin dattawa ya fito, ko daga littattafan malamai. Amma akwai shaida ta uku wadda ta girme su duka, ita ce zanen da mutanen da suka sassaƙa ko suka shafa a jikin duwatsu. Muna so mu duba yadda masana ke rarraba shi, da yadda suke ƙiyasta shekarunsa.

A 1850 Bajamushen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ga siffofin shanu a duwatsun Fezzan, inda babu ciyawar kiwo, kafin ya iso Katsina a 1851. Ya fahimci cewa hamada ta taɓa zama dausayi. Masanan da suka biyo bayansa suka kasa zanen Sahara bisa ga dabbobin da ke ciki: zamanin namun daji, irin su giwa da ɓauna da dorina, sai na makiyayan shanu, sai na doki da kekensa, daga ƙarshe na raƙumi, wanda sau da yawa yake tare da rubutun Tifinag na Buzaye.

To, wannan jeri yana faɗin wanda ya riga wani ne kawai. Haka kuma duhun da iska da rana ke sa wa tsagin dutse, da zanen da ya hau kan wani, duk suna nuna gaba da baya, ba su ba da adadin shekaru. Awon kabon, wanda Libby ya fito da shi a 1949, yana ba da adadi, domin rabin wannan sinadari yana ƙarewa cikin shekara 5,730. Sai dai gawayi da ƙashi yake aunawa, ba ya auna tsagi. Saboda haka a kan haƙa ƙasar da ke gindin dutsen. A Iwelen, cikin Azbin, Roset ya tono kawunan masu na tagulla masu kama da waɗanda aka zana a dutse, awo ya nuna mazaunin ya girmi shekara 2,000. Raƙumin dawan Dabus kuwa, mai tsawon fiye da mita 5, wanda Dupuy ya bayyana a 1987, har yanzu masana suna saɓani kan shekarunsa.

A gida ma muna da namu. A Birnin Kudu, cikin shekarun 1950, Bernard Fagg ya yi nazarin zanen Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Shanun da ke wurin ba su da tozo, alhali na Fulanin yau masu tozo ne. Wannan alama ce ta tsufan zanen, amma ba ta yanke shekara ba.

Jama'a, abin tsoro shi ne, dutsen da aka fasa don tsakuwa ba ya komawa. Mu da muka fito daga Kunduru da Kankiya da Kusada, idan muka koma hutu, mu zaga duwatsun ƙasarmu, mu tambayi dattawa sunayensu da labarinsu. In mun ga zane, mu ɗauki hoto, mu rubuta wurin, mu sanar da hukumar gidajen tarihi. Kada mu jiƙa shi, kada mu bi shi da alli, kada mu tona gindinsa, domin ƙasar nan ita ce ke riƙe da shekarunsa.