Ciwon da Ba Ya Jini: Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Shugaban taro, shugaban makaranta, malamanmu da suka ɗora mu a kan hanya, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai. Da kwamitin shirye-shirye ya ce in yi jawabi a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, sai da na tuna musu cewa ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne mai fama da fayil. Suka ce sun sani. To, ga ni, kuma zan fara da wani kuskure da na yi.

A shekarun baya an tura ni wani sansanin 'yan gudun hijira don in yi rajistar waɗanda za a ba kayan agaji. Wata baiwar Allah ta zauna a gabana, na tambaye ta yadda aka yi ta rasa mijinta, ta faɗa mini. Da na ga akwai gurbin da ban cike ba a takarda sai na sake tambayarta. A karo na uku jikinta ya ɗauki rawa, ta tashi ta tafi, ko katin ba ta karɓa ba. A raina na ce taurin kai ne. Sai daga baya, a wani kwas da aka tura mu, na gane cewa miki na fama mata. A nan ne kuma na fara jin sunan Dokta Judith Herman.

Ita wannan likita an haife ta a birnin Niyok na Amurka a 1942, ta kuma yi karatun likita a Jami'ar Harvard, inda daga baya ta koyar. Ta daɗe tana duba mata da yaran da aka ci zarafinsu a cikin gida, a zamanin da ba a cika yarda da maganarsu ba. Sai ta lura cewa abin da ke damunsu bai bambanta da na sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam ba: munanan mafarkai, zabura da an ji ƙara, saurin fushi, da gudun mutane. A 1992 ta fitar da littafinta mai suna Trauma and Recovery, wanda har yau ake koyar da shi.

Jigon bayaninta shi ne, wanda masifa ta afka wa an ƙwace masa iko da kansa, an kuma yanke shi daga jama'a. Saboda haka duk taimakon da zai sake ƙwace masa wannan iko, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi, ƙara ciwo yake yi. Ta kasa hanyar warkewa gida uku.

Na farko shi ne aminci. Mutum ya samu inda zai kwana ba fargaba, ya ci abinci, barci ya dawo, ya san wanda ya cuce shi ba zai iso gare shi ba. Kafin wannan ya samu, ba a matsa masa ya ba da labari. Na biyu shi ne ya faɗi abin da ya faru, a lokacin da ya zaɓa, ga wanda ya amince da shi, ya kuma yi jimamin abin da ya rasa. Na uku shi ne ya koma cikin jama'a: sana'a, karatu, zumunci. Ni kuwa ran nan mataki na biyu na tsallaka, ban ko waiwayi na farko ba.

Jama'a, wannan magana ta shafe mu. A cikinmu akwai wanda ya tsira daga hatsarin mota, akwai wanda aka sace ɗan'uwansa, akwai masu kaki da suka je daji suka dawo. Mun saba mu cika ɗaki, kowa ya ce, "Yaya abin ya faru?" Sa'an nan mu ce ya yi haƙuri, ya manta. Haƙuri gaskiya ne, addu'a kuma makami ce, amma mantuwa ba umarni ake ba ta ba. Gara mu ce, "Me kake bukata yau?" Idan ya yi shiru, mu zauna tare da shi a cikin shirun. Idan kuwa an ɗauki makonni barci bai dawo ba, ko ya fara zancen ya gaji da rayuwa, to a kai shi ga likita ba tare da jin kunya ba.

Malamanmu, ku gafarce ni in yi karambani a gabanku. Yaron da ke gyangyaɗi kullum a aji, ko yake zabura da an buga tebur, kafin a ɗauko bulala a tambaye shi a keɓe abin da ke faruwa a gida.

Waccan baiwar Allah ban sake ganinta ba. Amma yanzu duk wanda ya zauna a gabana, nakan fara gaya masa abin da zan tambaya da dalilin tambayar, in kuma sanar da shi cewa yana iya cewa a dakata. Wannan ba ya cin kwabo a kasafin kuɗin kowa.