Aikatau da Abokan Tafiyarsa a Ingilishin Yau da Kullum



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne yadda aikatau na Ingilishi yake haɗuwa da suna, da kalmar mallaka, da harafi, su dunƙule su zama magana guda. Da harafi ina nufin 'yan ƙananan kalmomin nan irin su “of” da “to” da “with” da “for”. Duk wanda ya saba duba takardun jarrabawa ko wasiƙun ofis ya san ba manyan kalmomi ne suka fi kayar da mutanenmu ba. Manyan kowa na jin tsoronsu, ya buɗe ƙamus. Ƙananan da aka raina su ne ke tsone ido.

Bari mu fara daga gida. Bahaushe yana cin kasuwa, ya ci bashi, ya ci amana, ya ci jarrabawa. Yana shan iska, ya sha wahala, ya sha kashi. Baƙon da aka koya wa cewa ci shi ne sa abinci a baka, in ya ji an ci amana sai ya rasa ta cewa. Ma'anar tana tattare ne a cikin haɗin, kuma ba a musanya kalmomin yadda aka ga dama: ba a shan amana, ba a cin iska. To, haka Ingilishi yake da “take” da “make” da “give” da “have” da “pay”. Wani masanin nahawu ɗan ƙasar Danmak, Otto Jespersen, wanda ya rasu a 1943, shi ne ya laƙaba wa irin waɗannan suna aikatau marasa nauyi, domin sunan da ke biye da su shi ke ɗauke da kayan ma'ana. Mai cewa “pay attention” ko “pay a visit” ko sisi bai biya ba. Hankali ya mayar, ko ziyara ya kai.

A nan ne tarko na farko yake. Aikatau ɗinmu “yi” shi kaɗai yana ɗaukar aikin da Ingilishi ya raba wa “do” da “make”. Mukan ce yi aiki, yi kuskure, yi alkawari. Bature kuwa sai ya ce “do the work”, amma “make a mistake”, “make a promise”. Wanda ya rubuta “I did a mistake” ya ƙara kuskure a kan kuskure.

Na biyu, harafi. Kowane haɗi yana da harafinsa da ba ya rabuwa da shi: “take care of”, “pay attention to”, “find fault with”, “make room for”, “put an end to”. Neman dalili a nan yawanci ɓata lokaci ne, domin al'adar harshe ce ta kafa su. Har ila yau, harafin da suna yake bukata ba lalle ne aikatau ɗan'uwansa ya bukace shi ba. Ana cewa “have a discussion about the matter”, amma “discuss the matter”, ba tare da “about” ba. Mu da muka saba cewa a tattauna a kan magana, hannunmu yakan yi saurin cusa shi.

Na uku, wanda nake so mu fi daɗewa a kansa, shi ne kalmar mallaka, wato “my”, “your”, “his”, “her”, “our” da “their”. Bahaushe yakan ce ya wanke hannu, ya rufe ido, ya ɗaga murya, kowa ya san nasa ne. Ingilishi sai an faɗi mai abin: “he washed his hands”, “she raised her voice”. A wasu maganganun dole mallakar ta koma kan mai aikin: “I made up my mind”, “they lost their way”. Ba wanda zai iya “lose” ɗin “temper” na wani, nasa kaɗai. A wasu kuwa ta wani ce: “he tried my patience”, wato ya kai ni bango. Sai dai in an riga an ambaci mutumin, kuma harafi ya biyo, “the” ke maye gurbinta: “he took her by the hand”.

Yanzu ku dubi yadda shigar wannan 'yar kalma ko fitarta ke juya zance. “Take place” shi ne aukuwa. “Take his place” shi ne mutum ya zauna a mazauninsa ko ya gaji wani. “Lose sight of” shi ne abu ya ɓace maka da gani. “Lose his sight” makancewa ce. “Lose heart” karaya ce. “Lose his heart to” kuwa son wata ne ya kama shi. Haka jam'i: “have a word with” ganawa ce ta ɗan lokaci, “have words with” cacar baki. A gaban alƙali, “he took his life” na iya zama ya kashe wani, amma “he took his own life” kansa ya kashe. Ga kuma wanda ya shafi ma'aikata kai tsaye. In ka rubuta “the prisoners are in the charge of the warder”, fursunoni suna hannun gandiroba. In ka yar da “the” ɗin nan, ka ce “in charge of the warder”, to, ka naɗa fursunoni su tsare gandiroba. Wasiƙar ofis kuwa ba ta da bakin da za ta gyara zancenta. Abin da aka rubuta shi za a shigar a fayil, a yi aiki da shi.

Mene ne magani? Ba mu kaɗai wannan matsala ta dama ba. Harold Palmer, wani malami Bature da ya koyar a Japan, ya lura cewa irin wannan haɗi ne ke wahalar da ɗalibansa, har ya fitar da rahoto a kansa a 1933. Abokin aikinsa A. S. Hornby ya ɗora a kai, ya shirya ƙamus na masu koyo da aka buga a Tokyo a 1942, kamfanin ɗab'i na Jami'ar Oxford ya sake buga shi a 1948. Shi ne asalin ƙamus ɗin nan na Oxford da ɗalibai suka sani. Darasin da suka bar mana shi ne a koyi haɗin ɗungurungum, kamar kalma ɗaya.

Saboda haka ina ba ku shawara uku. In za ku duba ƙamus, ku fara da sunan, domin a ƙarƙashin “attention” za ku fi saurin samun “pay” da “to”. In kun tsinci sabuwar magana a karatu, ku rubuta ta cikin cikakkiyar jimla, da harafinta da mallakarta. In kuma kuna shakka a wasiƙar aiki, ku ɗauki aikatau guda mai fayyace nufi, kamar “decide” ko “supervise”, ko ku tambayi wanda ya fi ku sani. Matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ƙara mana fahimta.